Kwikwiyo Dubu Takwas a Shekara: Yadda Jihar New South Wales ta Nemi Ƙayyade Haihuwar Karnukan Tsere

Ranar 7 ga Yuli 2016, firimiyan jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya, wato shugaban gwamnatin jihar, Mike Baird, ya sanar a shafinsa na Facebook cewa daga 1 ga Yuli 2017 an daina tseren karnuka a jiharsa. Wata uku da 'yan kwanaki bayan nan, ranar 11 ga Oktoba, ya tara 'yan jarida ya lashe amansa, ya ce shi da majalisar zartarwarsa da gwamnati baki ɗaya sun yi kuskure. Mafi yawan masu tuna wannan lamari siyasarsa suke tunawa, yadda jam'iyyar ƙawance ta yi bore, da yadda kujerar majalisa ta suɓuce mata. Amma abin da ya haifar da rikicin tun farko lissafi ne na haihuwa: kwikwiyo nawa ake haifa a shekara, nawa ke kaiwa filin tsere, kuma ina sauran suke tafiya. A kan wannan lissafin aka yi dokar haramci, a kansa aka warware ta, kuma har yau shi ne bai daidaita ba.

Karen da ake magana a kai shi ne wanda Turawa ke kira greyhound. Dogo ne siriri, mai zurfin ƙirji da shafaffen ciki da dogayen ƙafafu, ƙirarsa kusan ɗaya da ta karen farautar Buzaye na yankin Azawak. Da ido yake farauta, ba da hanci ba, kuma idan ya ware yana kai kusan kilomita 70 a awa. A Sidni an fara tseren waɗannan karnuka a bayan zomon ƙarya mai tafiya da inji tun 1927, kuma tun daga lokacin ya zama wasan ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ba su da halin sayen dokin sukuwa amma suna iya ajiye kare biyu ko uku a bayan gida. Lokacin da rikicin ya taso jihar na da filayen tsere 34, akasarinsu a ƙananan garuruwa.

Tseren kansa ba ya cin lokaci. Ana zuba karnuka takwas cikin akwatuna takwas, kowanne da takunkumi a baki da 'yar riga mai lamba: ja ga na ɗaya, fari ga na uku, shuɗi ga na huɗu, ruwan hoda ga na takwas. Zomon inji ya wuto da ƙara a kan dogonsa, murafen akwatunan su buɗe lokaci guda. A filin Wentworth Park na Sidni, tseren mita 520 daƙiƙa talatin ne ko ƙasa da haka kaɗan. Wurin da mai kare ke riƙe numfashi shi ne kwanar farko, inda duka takwas ɗin ke rububin komawa jikin shingen ciki cikin cikakken gudu. Nan ake gwaruwa, nan ake faɗuwa, kuma da yake kullum hagu ake juyawa, ƙafar baya ta dama ce ta fi karyewa a gwiwa. Kafin a gama share yashi an shigo da wasu takwas. A dare ɗaya akan yi tsere goma zuwa goma sha biyu, kuma kowanne ana haska shi kai tsaye zuwa shagunan caca da wayoyin masu zuba kuɗi a faɗin ƙasar da ma ƙetare.

Caca ce ke ciyar da wannan sana'a, ba 'yan kallo ba. Filayen galibi fayau suke. A 1998, lokacin da jihar ta sayar da kamfanin cacarta na TAB, an ƙulla yarjejeniyar shekara 99 kan yadda za a raba kuɗin da ke komawa ga wasannin tsere uku: sukuwar dawaki kashi 70, tseren dawaki masu jan keke kashi 17, karnuka kashi 13. Masu karnuka sun daɗe suna kukan cewa abin da suke jawowa na caca ya ɗara kashi 13 nesa ba kusa ba. Ko ma yaya, abin da ya rage musu shi ne yawan tsere. Kowane tsere kaya ne da ake sayar wa kamfanin caca, kuma kowane tsere yana son kare takwas masu lafiya a akwati.

Yadda ake samar da kare takwas

Karya takan ɗauki ciki kwana 63, ta haifi shida ko bakwai a haihu ɗaya. Ba kasafai ake barin barbara ta gargajiya ba. Ana tatsar maniyyin shahararren namiji a daskarar da shi cikin 'yan siraran bututu, a sayar wa duk mai so, ko da a wata jiha yake, ko da karen ya mutu tuntuni. Shekaru da dama hanyar da aka fi bi wajen sa wa karya shi ne a yi mata allurar barci, a tsaga cikinta, a zuba kai tsaye cikin mahaifa, a ɗinke, aikin da Ingila ta riga ta hana a yi wa karnuka. Ta haka namiji ɗaya irin su Brett Lee ko Fernando Bale, wanda ya fara cin sama da dala miliyan ɗaya ta Ostireliya a tsere, kan zama uban dubban kwikwiyoyi.

Bayan an yaye su, akan dasa musu ɗan ƙanƙanin na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a kai su gonar reno su yi ta guje-guje a dogayen shingaye har su kai shekara guda. Daga nan sai wurin mai hora, wanda zai koya musu fita daga akwati da bin zomon inji cikin 'yan makonni. A nan ake yin tankaɗe da rairaya. Wani kwikwiyon ba ya bin zomo sam, sai ya tsaya yana kallo. Wani yana bi amma ya fi son ya juya ya ciji na kusa da shi. Wani kuma komai nasa daidai ne, sai dai agogo ya nuna ya gaza 'yan uwansa da rabin daƙiƙa, kuma rabin daƙiƙa a wannan wasa tazara ce ta tsawon karnuka bakwai. Babu wanda ke iya gane wane ne zakara ranar da aka haife su. Sai an ciyar da duka bakwai ɗin fiye da shekara kafin a san wanda zai mayar da kuɗi. Saboda haka hanyar samun gwani ɗaya ita ce a haifi da yawa, kuma hukumar wasan a jihar, Greyhound Racing NSW, a da har tana da tsarin lada mai suna Blue Paws da ke ƙara wa masu kiwo kuɗi idan karen da aka haifa a jihar ya yi nasara. A lokacin babu wani tsarin lada makamancinsa na kula da waɗanda ba su yi ba.

Wanda ya kai fili ma ba ya daɗewa. Yakan fara gudu yana da kamar wata goma sha takwas, kafin ya kai shekara huɗu ko huɗu da rabi an ajiye shi, idan rauni bai riga ya ajiye shi ba. Shi kuwa kare ne da zai iya rayuwa shekara goma sha biyu ko fiye.

Abin da ya tona asiri ba wannan lissafin ba ne. Ranar 16 ga Fabrairu 2015 shirin Four Corners na gidan talabijin na ABC ya nuna hotunan ɓoye da ƙungiyoyin Animals Australia da Animal Liberation Queensland suka ɗauka a filayen gwaji na jihohi uku. An ga masu hora suna ɗaure zomaye masu rai, da 'ya'yan alade, da fosom, wata 'yar dabbar daji mai hawa bishiya, a jikin hannun injin, a zagaya da su ana sakin karnuka suna yayyaga su. Imaninsu shi ne karen da ya ɗanɗana jini ya fi bin zomon inji da zuciya. Cikin kwanaki shugabannin hukumar wasan suka sauka, gwamnati kuma ta naɗa Michael McHugh, tsohon alƙalin kotun ƙolin ƙasar, ya jagoranci kwamitin bincike na musamman.

An je neman masu azabtar da zomaye, sai aka tarar da abin da ya fi shi girma. Rahoton McHugh, wanda aka miƙa a Yuni 2016, ya ƙirga cewa cikin shekara 12 an haifi kwikwiyo 97,783 a jihar, wato sama da dubu takwas kowace shekara. Da ya cire waɗanda ke fili, da waɗanda aka san an ba su gida, da waɗanda masu su suka riƙe, ya ce tsakanin 48,891 da 68,448 kashe su aka yi don sun gaza gudu ko ba su dace da tsere ba. Rabi ke nan, ko kashi bakwai cikin goma. Kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka haifa ba su taɓa shiga tsere ko sau ɗaya ba. A takardun sana'ar, asara ake rubuta su. Lauyan kwamitin, Stephen Rushton, ya karanto wata takardar cikin gida ta Greyhounds Australasia, uwar ƙungiyar wasan, wadda da bakinta ta ce ana kashe lafiyayyun karnuka tsakanin 13,000 da 17,000 duk shekara a ƙasar. Rahoton ya kuma ce kashi 10 zuwa 20 na masu hora suna amfani da dabba mai rai, cewa hukumar ta san da haka shekaru kafin ABC ta nuna, cewa kimanin kare 180 a shekara ke samun raunin da ba ya gyaruwa, kamar karyewar baya ko fashewar kai, kuma cewa da gangan ake sassauta bayanin raunuka a rahotannin alƙalan fili don kada jama'a su gane.

Tazarar da ke tsakanin 48,891 da 68,448 ita kanta shaida ce. Kusan kare dubu ashirin ne alƙali mai cikakken ikon sammaci ya kasa cewa suna raye ko sun mutu, domin da zarar kare ya daina gudu ba wanda ke bin sawunsa. Masu sana'ar sun kama wannan gibin suka ce alƙaluman ƙiyasi ne kawai, da yawa daga karnukan suna kwance a bayan gidajen masu su. Akwai gaskiya a ciki, amma su ma ba su da rajistar da za su nuna. Cikin watan da aka fitar da rahoton, wani bincike dabam da babban lauya Clive Steirn ya yi a filin gwaji na Keinbah da ke kwarin Hunter ya tono ƙasusuwan kare aƙalla 99 a rami, waɗanda aka binne tsakanin 2009 da 2013. Akasarinsu ƙoƙon kansu ya nuna harbi ne ko duka da abu mai nauyi, kuma kaɗan ne cikinsu ke da alamar wani rauni a jiki da zai sa a ce jinƙai aka yi musu. Wasu karnukan kuma an yi ta lodinsu zuwa filin Canidrome na Makawo, inda ba a dawowa, duk da cewa uwar ƙungiyar ta daina ba da takardar fita zuwa can tun 2013. A Yuni 2016 an tuhumi mutum 179 na jihar kan wannan. Filin na Makawo ya rufe a 2018.

McHugh ya ba da shawara 80. Ta farko ita ce majalisar jihar ta duba ko wannan sana'a ta rasa yardar jama'a har ya kamata a rufe ta. Sauran 79 gyare-gyare ne idan an zaɓi a bar ta. Amma ya faɗi ra'ayinsa a fili cewa ba ya ganin gyara zai kawar da rarar karnukan, domin idan aka rage haihuwa har ta yi daidai da yawan gidajen da za su iya karɓar tsofaffin karnuka, ba za a samu isassun da za su cika jadawalin tsere ba, idan kuma aka cika jadawalin, rarar tana nan. Baird ya ɗauki ta farko.

Siyasar da ta biyo baya an sha ba da labarinta, a taƙaice za a wuce ta. Dokar haramcin ta wuce majalisa a Agusta 2016, amma 'yan jam'iyyar Nationals uku, jam'iyyar da ke ƙawance da ta Baird a gwamnati, wato Katrina Hodgkinson da Kevin Humphries da Chris Gulaptis, suka bijire wa gwamnatinsu suka ƙi ta. Jagoran adawa na jam'iyyar Leba, Luke Foley, ya tsaya tare da masu karnuka. Manyan masu shirin rediyo na Sidni, Alan Jones da Ray Hadley, suka mai da abin karatun kullum: masu kuɗin birni sun taka wasan talaka, sun bar sukuwar dawakin attajirai. Wannan magana ta shiga mutanen karkara, waɗanda da ma suna jin haushin haɗe ƙananan hukumomi da gwamnatin ta yi da ƙarfi. Ko janyewar Oktoba ba ta cece su ba. A zaɓen cike gurbi na mazaɓar Orange, ranar 12 ga Nuwamba, Nationals suka rasa kujerar da ke hannunsu tun 1947, Philip Donato na jam'iyyar maharba da masunta da manoma ya ɗauke ta da ƙuri'a 50. Mataimakin firimiya Troy Grant ya sauka, Baird kansa ya bar siyasa a Janairu 2017.

Alkawarin dubu biyu

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kai shi ne abin da masu sana'ar suka ɗora a tebur lokacin da wuƙa ke wuyansu. Su da kansu suka ce a bar su su ci gaba, za su yarda a ƙayyade haihuwa zuwa kwikwiyo 2,000 a shekara, a rage filaye, a rage yawan tsere, a bi sawun kowane kare daga haihuwa har mutuwa. Da Baird ya janye haramcin, waɗannan ya lissafa a matsayin sharuɗɗa, har da kuɗin ajiya na dala 1,500 kan kowane kwikwiyo, don a samu abin kula da shi idan ya tsufa. An kafa kwamitin gyara ƙarƙashin tsohon firimiya Morris Iemma, da wakilan masu karnuka da na ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA a ciki. A Fabrairu 2017 ya kawo shawara 122, gwamnatin Gladys Berejiklian ta karɓi 121. Iyakar dubu biyun ba ta cikinsu. An ce babu isassun alƙaluman da za a kafa adadi a kansu, a jira sabuwar hukuma ta tattara tukuna. Kuɗin ajiyar ma haka ya bi ruwa.

Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane dalili. A yi lissafi na kai tsaye, ba na hukuma ba. Jihar na yin taron tsere sama da dubu a shekara. A ce dubu ne cif, kowanne da tsere goma, kowane tsere da kare takwas, gurbi dubu tamanin ke nan da za a cika. Idan kwikwiyo 2,000 aka haifa, kuma shida cikin goma ne ke kaiwa fili kamar yadda aka saba, sababbin karnuka 1,200 ke shigowa a shekara. Kowannensu sai ya yi gudu kusan sau saba'in kafin ya ajiye, alhali matsakaicin kare a lokacin bai kai rabin haka ba. Ke nan dubu biyu ba ta yiwuwa sai an yanke jadawali sosai, yanke jadawali kuwa yanke kuɗin caca ne, na hukumar wasan da na baitulmalin jiha duka. Sannan akwai ƙofar baya: iyakar jiha ɗaya ce, ba abin da zai hana a kai karya ta haihu a Biktoriya ko Kwinsland a dawo da 'ya'yan su yi gudu a Sidni. A ganina masu sana'ar sun san duk wannan ranar da suka yi tayin. Ana ruwan sama ne suka nemi laima, da aka ɗauke kuwa ba wanda ya sake tambaya.

Abin da aka samu a madadin iyaka shi ne ƙa'ida a kan ita karyar da mai ita. Tun 2015 dokokin wasan na ƙasa suka ce sai an yi wa karya rajistar kiwo kafin a sa mata ciki, kada ta haihu fiye da sau uku, kada kuma a sa mata ciki bayan ta wuce shekara takwas, sai da shaidar likitan dabbobi da izinin hukuma, kuma kada ta wuce haihu biyu cikin wata 18. An soke ladan Blue Paws a shekarar. Dokar tseren karnuka ta 2017 ta raba aiki biyu, ta bar kasuwanci a hannun Greyhound Racing NSW, ta ba da sa ido ga sabuwar hukuma mai zaman kanta, Greyhound Welfare and Integrity Commission, wadda ta fara aiki 1 ga Yuli 2018 daga garin Bathurst. Wannan rabuwa gyara ce ta gaske, domin a da wanda ke neman yawan tsere shi ne kuma mai hukunta masu laifi. Gwamnati ta ware dala miliyan 41, talatin don gyaran filaye, sha ɗaya don kafa hukumar. An ƙara tsananta hukuncin amfani da dabba mai rai, akwai ɗauri da korar har abada. Mai kare ba shi da ikon kashe shi don ya gaza gudu, sai ya nemi masa gida, kuma likitan dabbobi ne kaɗai zai yi masa allurar mutuwa, a sanar da hukuma. A Yuli 2019 aka cire dokar da ta tilasta sa wa greyhound na gida takunkumi a titi, don mutane su daina ganinsa kamar mugun kare. Ƙa'idar kula da lafiya da wurin kwana ta fara aiki a farkon 2021, daga baya aka kawo tsarin eTrac, wanda ke buƙatar a riƙa kawo kare lokaci-lokaci a ɗora na'ura a kan shaidar da ke jikinsa don a tabbatar yana raye.

Haihuwa ta faɗi ƙwarai. Daga dubu takwas ta sauko wajen dubu uku a shekarar haramcin. Sai dai ba ƙa'idar haihu uku ce ta saukar da ita ba, domin da ma karyar da 'ya'yanta ba sa cin tsere ba a cika mayar da ita sau huɗu ba. Tsoro ne ya saukar da ita. Ba mai zuba kuɗi a kwikwiyon da zai isa gudu bayan wata goma sha takwas alhali an ce nan da shekara guda babu filin. Shaidar haka ita ce da hankali ya kwanta, kuɗin kyauta ya ƙaru, aka ƙirƙiro gasar Million Dollar Chase a 2018 har gwamnati ta sa dala dubu ɗari biyar a ciki, sai adadin ya sake hawa ya haura dubu huɗu a farkon shekarun 2020. Ya ninka abin da aka yi alkawari, kuma ba a karya doka ko ɗaya ba.

Tsugune ba ta ƙare ba

Raguwar ta yi tasiri a fili ta hanyoyin da wasu alheri ne. Da kwikwiyo ya yi tsada, mai hora ya daina saurin yar da shi. Aka buɗe azuzuwan tsere na karnuka marasa sauri da na tsofaffi, ta yadda wanda a da za a kashe yana da shekara biyu yanzu yana da inda zai yi gudu da sa'o'insa. Kason waɗanda ke kaiwa fili ya ƙaru. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu sukar wasan ba su cika son ambatonsa ba.

Amma jadawali bai ragu daidai da raguwar karnuka ba, ga caca ta waya tana ta bunƙasa. Gurbin da kare biyu ke cikawa a da, yanzu ɗaya ke cika shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ɗaya ɓangaren kuma, hana kisa bai ƙirƙiro gidaje ba. Kare dubu uku ko huɗu da aka haifa bana, nan da shekara huɗu dukansu gida suke nema, kowanne da sauran shekara takwas a gaba. Greyhound kare ne mai sanyin hali da son barci, amma wanda ya tashi a keji bai san matakala ba, bai san ƙofar gilashi ba, wani kuma in ya ga kyanwa ko ɗan ƙaramin kare sai ya ɗauka zomo ne. Sai an fiɗiye shi, an gyara masa haƙora, an gwada halinsa, kafin a ba wani. Shirin hukumar na Greyhounds As Pets da ƙananan ƙungiyoyin sa kai suka cika maƙil, musamman bayan annobar korona, lokacin da tsadar rayuwa ta sa mutane suka rage ɗaukar dabbobi. Har ta kai a 2023 hukumar wasan ta fara ɗora karnuka a jirgin sama zuwa Amurka a nema musu gida a can, ƙasar da ita kanta wasan ya kusa mutuwa tun da masu zaɓe a Fulorida suka haramta shi a 2018.

Bin sawun ma yana da inda ya tsaya. Ikon hukumar Bathurst a kan masu rajista ne kawai. Da zarar an rubuta cewa an ba da kare ga wani wanda ba ɗan sana'a ba, ya fita daga littafinta ya koma rajistar dabbobin gida, inda ba mai zuwa ya duba. Wanda ke son ya rabu da kare a ɓoye ya san wannan ƙofar.

A Yuli 2024 wata doguwar takarda da Alex Brittan, tsohon babban likitan dabbobi na Greyhound Racing NSW, ya bari lokacin da zai ajiye aiki ta fito fili ta hannun majalisa. Zarge-zargensa kusan amsa ce ga tambayar da McHugh ya bari. Ya ce ana sa karnuka gudu a jere fiye da abin da jikinsu zai ɗauka, kuma tsarin biyan kuɗin mota kan kowane kare da aka kawo fili ya ƙara ingiza masu hora su yi ta shigar da su. Ya ce alƙaluman waɗanda aka ce an samar wa gida an kumbura su, kuma da yawa suna zaune ne a kejin haya, ana biyan kuɗin ajiyarsu, ba ranar fita. Shugaban hukumar, Rob Macaulay, ya yi murabus a ranakun. Ministan wasan, David Harris, ya naɗa Lea Drake ta sake bincike, shekara takwas bayan na McHugh. Firimiya Chris Minns na Leba bai bari an gama tambaya ba ya ce shi ba zai rufe wasan ba. Duk ɗan siyasar jihar yana tuna ƙuri'a hamsin ɗin Orange.

Maƙwabta sun bi wata hanyar. Yankin babban birnin tarayya, Kambera, ya haramta tseren daga ƙarshen Afrilu 2018. A Agusta 2025 firimiyan Tasmaniya, Jeremy Rockliff, ya ce jiharsa za ta daina zuwa tsakiyar 2029. A Niyu Zilan, ministan tsere Winston Peters, mutumin da aka san shi da goyon bayan wasannin tsere, ya sanar a Disamba 2024 cewa za a rufe na karnuka zuwa tsakiyar 2026, bayan bincike uku cikin shekara goma da yawan raunukan da suka ƙi sauka. Ya ba da wata ashirin don a samar wa kimanin kare 2,900 gidaje. Kafin ma a gabatar da dokar rufewar, majalisar ƙasar ta yi gaggawar zartar da wata gajeriyar doka cikin makon, wadda ta hana kowa kashe greyhound mai rajista ba tare da likitan dabbobi ba.